Faɗa wa Mai Binciken Lafiya Gaskiya Ba Tona Asiri Ba Ne

A Kankia da Kusada, kamar sauran garuruwan noma, akwai masu haɗiyar ƙwayar ƙara kuzari ba da umarnin likita ba: ɗan ƙwadago lokacin girbi, direban dare, ɗalibi gab da jarrabawa. Da yawansu ba sa ganin kansu 'yan ƙwaya, domin a wurinsu halal suke nema.

Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNODC na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Irin wannan lissafi a kan amsar mutane yake dogara. Tambayoyin ASSIST na Hukumar Lafiya ta Duniya suna bin abin da mutum ya sha cikin wata uku, har da amfetamin. Idan aka ɓoye, tanadin magani zai gaza.

Shari'a ta hana yayata zunubi, amma bayani domin neman waraka babi ne daban, kuma kiyaye hankali yana cikin larurori biyar. Shi kuwa mai tambaya, amsar amana ce a wuyansa: kada ta kai kunnen mai unguwa ko surukai. Allah Ya shirya mu.