Zaɓen Manhajar Lissafin Kwangila: Jagora Ga Ƙananan 'Yan Kwangilar Faskari, Ƙanƙara Da Sabuwa

Kamar yadda jama'a suka sani, galibin ayyukan da ƙananan 'yan kwangila ke samu a wannan shiyya na gyare-gyare ne: sake rufin ajujuwa, yaɓen ɗakunan shan magani, gyaran kwalbati da shagunan kasuwa. Kafin a ba da irin wannan aiki, wajibi ne mai nema ya gabatar da takardar lissafin kaya da kuɗi, wadda ake kira BOQ. Idan lissafin ya yi yawa, aikin ya kuɓuce masa. Idan kuma ya gaza, kuɗi su ƙare a tsakiyar aiki, damina ta riski yara a aji marar rufi. Saboda haka ne muka ga ya dace mu yi bayani kan zaɓen manhajar kwamfuta da za ta taimaka wajen wannan lissafi.

Da farko, a zaɓi manhajar da ke barin mai ita ya shigar da farashi da hannunsa, cikin naira. Yawancin manhajojin ƙasashen waje an tsara su ne bisa tsarin gini da farashin Amurka ko Turai, kuma da dala ake biyan kuɗinsu duk wata. Mu kuwa da bulo, siminti, rodi da kwano muke gini. Kuɗin dako daga Funtuwa zuwa ƙauyen da aikin yake ma, ɗan kwangila ne kaɗai ya san shi.

Na biyu, ta yi aiki da ma'aunin da magina suka sani: buhun siminti mai kilo 50, tifar yashi, bandir ɗin kwano mai falle 20. Ga gwaji mai sauƙi: bango mai tsawon mita 8 da tsayin mita 3 na cin bulo kusan 240, domin kowace murabba'in mita na ɗaukar bulo 10. Manhajar da ta kasa fitar da wannan ba abin dogaro ba ce.

Na uku, ta yi aiki ba tare da intanet ba. Mazauna waɗannan ƙananan hukumomi ba su manta da katse layukan sadarwa da aka yi a 2021 saboda matsalar tsaro ba.

Na huɗu, ta ware gurbin haraji, riba da kuɗin ko-ta-kwana. Harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a 2020, haka kuma cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin dako da na kaya. A manhaja mai kyau, da zarar an sauya farashin buhu ɗaya, duk lissafin zai gyaru.

Ga mai ƙaramin jari, Microsoft Excel ko LibreOffice Calc, wadda kyauta ce, sun wadatar da waɗannan buƙatu. Sai dai manhaja ba ta zuwa wurin aiki ta ga tsagewar bango ko ruɓewar katako. Dole a je a auna, babban aiki kuma a nemi ƙwararren mai ƙididdigar gini.

Daga ƙarshe, muna kira ga jami'an sashen ayyuka na ƙananan hukumomi da su riƙa duba farashin kowane layi na takardar lissafi, kada su tsaya ga jimla kaɗai, domin sau da yawa aikin da aka yi watsi da shi daga farashi mai araha ya faro.