KAFIN A KIRA JAMA'A, A DUBI ƘOFA

Ranar Alhamis 18 ga Disamba 1924 ba ta cikin tarihin da za a tuna, amma Laraba 18 ga Disamba 2024 ba za ta gushe daga zukatan mutanen Badun ba. A ranar ce iyaye suka yi sammako da 'ya'yansu zuwa filin wata makaranta a unguwar Bashorun, inda aka yi shelar za a raba wa yara kuɗi da abinci. Kafin rana ta take, yara 35 sun riga mu gidan gaskiya cikin turmutsitsi. Bayan kwana uku, watau ran Asabar, mutum 22 suka rasu wajen rabon shinkafa a Okija ta Jihar Anambra, wasu 10 kuma a wata majami'a da ke Maitama, Abuja. Mu ma a Arewa mun ɗanɗana: cikin azumin shekarar 2024, mata da 'yan mata sun rasa rayukansu wajen karɓar zakka a Bauchi.

Duk waɗannan tarurruka da niyyar alheri aka kira su. To, amma kyakkyawar niyya ba ta faɗaɗa ƙofa.

Abin da masana cunkoso suka tabbatar shi ne, galibin masu mutuwa a irin wannan wuri numfashi ne ke gagararsu, wasu ma suna tsaye. In mutum shida ko bakwai suka cushe a filin da bai wuce mita ɗaya tsawo da faɗi ba, ba mai sauran ikon jikinsa. Na baya yana turawa don bai san abin da ke gaba ba, na gaba kuwa ƙirjinsa na manne da ƙarfen ƙofa. Yara da tsofaffi su ne farkon faɗuwa. Haka ta faru a Fatakwal cikin Mayun 2022, inda jama'a suka taru tun da asuba a bakin ƙofar filin rabon kayan agaji, mutum 31 suka halaka.

Saboda haka aikin mai shirya taro yana farawa tun kafin shela. Ya fara auna filin, ya san mutum nawa zai ɗauka, sa'an nan ya gayyaci daidai wannan adadi. Maimakon shela a rediyo, gara a raba kati ta hannun masu unguwa da limamai, kowace unguwa da ranarta. A ware ƙofar shiga dabam, ta fita dabam, kada kuma a bar jama'a su taru a bayan kulle; a buɗe da wuri, a shigar da su kaɗan-kaɗan. A keɓe layin mata da yara da gajiyayyu. A tanadi ruwan sha, da lasifika, da ma'aikatan jinya, da motar asibiti wadda hanyarta ba a toshe ba. A kuma naɗa mutum guda mai ikon tsayar da rabo nan take in ya ga alamar matsi.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Bayan waɗancan asarori, hedkwatar 'yan sandan Nijeriya ta gargaɗi masu shirya irin wannan taro da su riƙa sanar da jami'an tsaro, ta kuma tunatar cewa sakacin da ya jefa rai cikin haɗari laifi ne, bisa sashe na 196 na dokar Final Kod ta Arewa da sashe na 344 na kundin laifuffuka na Kudu. Gwamnatin Jihar Ikko ita ma ta umarci duk mai tara mutum fiye da 250 ya nemi izinin hukuma tukuna. A Badun kuwa har kotu aka gurfanar da masu shirya taron.

Jama'a, talauci ya sa buhun shinkafa guda yana iya tara gari. Wanda Allah ya hore wa, ya tuna cewa duk wanda ya amsa kiransa amana ne a wuyansa har ya koma gida. In ba zai iya tsare ƙofa ba, ya aika da sadakarsa gida-gida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyashe mu da sakaci, amin.