Ko ka sani? Katantanwar tabki da kumfar aduwa

Ko ka san cewa kumfar da ke tashi idan an cuɗa ɓawon aduwa ko naman ƴaƴanta cikin ruwa tana kashe ƴar katantanwar nan mai yaɗa tsargiya? Matan da ke haɗa sabulu a gida sun fi sanin aduwa ta wajen manta: a fasa ƙwallon, a ciro ƙwayar, a daka, a tatse mai, a haɗa shi da soda ko ruwan toka. Tsofaffi kuwa za su gaya maka cewa tun sabulun kanti bai iso ƙauye ba, da ɓawon aduwa da saiwarta ake wanke tufafi. Wannan tsohuwar kumfa ita ce ta ja hankalin masana, saboda wata halitta da yawancinmu muke takawa a bakin tabki ba mu ko lura da ita ba.

Ba dodon koɗin nan babba ake nufi ba. Wannan ƙarama ce, da kyar take wuce ƙwayar wake, ɓawonta sirara ne mai ruwan ƙasa-ƙasa. Tana manne a ƙasan ganyen bado, ko a jikin kara da tsumma da ledar da ruwa ya kwaso. Masana na kiran danginta Bulinus. Idan ka ɗauke ta ka ɗaga tsininta sama, bakin yana kallonka, za ka ga bakin a hannun hagu, alhali a yawancin katantanwa a dama yake. Kowace ɗaya tana da gaɓar namiji da ta mace, har wasu daga cikinsu na iya yin ƙwai ba tare da sun haɗu da wata ba. Ke nan ɗaya tak idan ta tsira, ta isa ta sake cika tabki da zuriya.

Kuma tana tsira. A ƙasar Arewa ta Nijar, daga Dogon Kiriya zuwa Matankari da Dogon Dutse da Tibiri, yawancin tabkuna na damina ne. Ruwa yakan taru a kwarin Dallol Mawri da kududdufai, ya yi ƴan watanni, rani ya shanye shi. Mutum zai ɗauka duk abin da ke ciki ya mutu. Ita kuwa, da ta ji ruwa na ja da baya, sai ta nutse cikin laka, ta shige can cikin ɓawonta, ta rage numfashi, ta kwanta watanni ƙarƙashin busasshen taɓo har ruwan farko ya sauka. Da yawa sukan mutu, amma waɗanda suka rage sun wadatar.

To ina haɗinta da fitsarin jini? Ita kanta ba ta cizo, ba ta da dafi. Masauki ce kawai. Mai tsargiya na ɗauke da wasu ƙananan tsutsotsi a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsararsa, namiji rungume da mace a wani tsagi na jikinsa, suna zuba ƙwai kullum har tsawon shekaru. Ƙwan na da ƙaya, shi ne ke huda bangon mafitsara ya fito tare da jini. Idan ya faɗa busasshiyar ƙasa ko masai, ya mutu ke nan. Idan ya faɗa tabki, sai ya ƙyanƙyashe, wani ɗan abu da ido ba ya gani ya fito yana iyo. Awoyi kaɗan ne gare shi. Bai sami katantanwa ba, ya halaka. Ya same ta kuwa, sai ya shige jikinta ya yi ta ninkuwa, bayan mako huɗu zuwa shida dubban ƴaƴansa masu wutsiya su fara fitowa cikin ruwa.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne lokacin fitowarsu. Sun fi fita da tsakar rana, daidai sa'ar da zafi ke kora yara wanka, mata na durƙushe suna wanki, makiyayi ya shiga har gwiwa yana shayar da dabbobi. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke shiga, cikin ƴan mintoci, abin da mutum zai ji bai wuce ɗan ƙaiƙayi ba. Ga kuma wata tsohuwar magana da har yau ake ji a wasu wurare, wai jini a fitsarin yaro alamar balaga ce. Wannan kuskure ne mai cutarwa. Ciwo ne da ke ƙarar da jini, ya hana yaro girma da karatu, in ya daɗe ya taɓa ƙoda, har yakan kai ga sankarar mafitsara. Ga mata kuma yana raunata al'aura da mahaifa, su yi ta fama a ɓoye saboda kunya.

Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851. Sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa ta jikin katantanwa take bi kafin ta koma ga mutum. Daga nan aka shiga neman abin da zai kashe katantanwar da araha. A 1933 Robert Archibald, wanda ke aikin bincike a Khartum ta Sudan, ya wallafa cewa ƴaƴan aduwa na kashe ta, har ya ba da shawarar amfani da itacen wajen yaƙi da cutar.

Labarin da ya fi shiga raina shi ne na Habasha. A 1964 wani matashin masani ɗan ƙasar, Aklilu Lemma, yana bin wani rafi a garin Adwa yana ƙidayar katantanwar da ke yaɗa tsargiyar hanji. Sai ya lura cewa a ƙasa da mawankar mata duk matattu yake gani, a sama da ita kuwa rayayyu fal. Ya duba abin da suke wanki da shi: ƴaƴan wani tsiro ne da ake kira endod, wanda Habashawa suka daɗe suna dakawa su yi sabulu da shi. Ya gwada, katantanwar ta mutu. Shekaru ya yi yana wannan aiki, kuma a 1989 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood tare da abokin aikinsa Legesse Wolde-Yohannes. Mata ne suka riga kowa riƙe maganin a hannu, shi dai ya tsaya ya duba da kyau.

Sirrin aduwa da endod duka wani sinadari ne mai ɗaci da ake kira safonin. Shi ke kawo kumfa, shi ne kuma ke lalata lallausar fatar halittun ruwa. A nan ne mai haɗa sabulu ya kamata ta bambance abu biyu. Sabulun da kika yi da man aduwa ko man gyaɗa, kika juya da soda har ya yi kauri, kika zuba a mazubi ya daskare, kumfarsa daga haɗuwar mai da soda take. Safonin kuwa yana cikin ɓawo da saiwa da naman ɗan itacen, ba ya bin man sosai. Don haka kada a sayar wa mutane sabulun aduwa da sunan maganin tsargiya. Kada kuma wani ya ji wannan ya kwashi buhun aduwa ya juye a tabkin gari, domin abin da ke kashe katantanwa yana kashe kifi da talibambam, masunta ma sun san haka. Wannan aiki ne da sai da awo, da sa idon ma'aikatan lafiya.

Abin da ke hannun kowa ya fi haka sauƙi. Ƴaƴan tsutsar da ke yawo cikin ruwa ba sa wuce kwana biyu a raye, saboda haka ruwan tabki idan aka ɗebo aka ajiye shi kwana biyu cikakku, ko aka tafasa, an tsira daga gare su wajen wanka da wanki. Maganin cutar kuma sananne ne, ƙwayar praziquantel, wadda Nijar ta fara rabawa ƴan makaranta a faɗin ƙasa tun 2004. Iyaye, ranar rabon magani ku tura yaranku, har da waɗanda ba sa zuwa lakwal, ku ba su abinci kafin su sha. Wanda ya ga jini a fitsarin ɗansa ya kai shi gidan likita, kuma a hana yara yin fitsari cikin tabki.