Kunun gyaɗa: madarar da ke fitowa daga gona

A Maraɗi da Damagaram gyaɗa ba baƙuwa ba ce. Ita ce kan gaba cikin kayan da Nijar ke sayarwa waje bayan samun mulkin kai a 1960, kafin farin 1973 ya karya nomanta. Ta rage zuwa ƙetare, amma ba ta bar madafa ba.

Lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa a Janairun 1994, madarar gwangwani ta gagari ƙananan ma'aikata da dama. Kunun gyaɗa kuwa bai san kwastan ba.

Uwargida takan soya gyaɗar sama-sama, ta murje bawon, ta niƙa, ta tace da ruwa har ya fito fari tas. Idan ya tafasa, ta zuba shinkafar da ta kwana jiƙe. Ruwan tsamiya ne ƙarshe, bayan shinkafa ta nuna: shi ke tsinke maiƙo, ya ɗaure kunun. Sannan sukari, ko dabinon Agadas.

Magidancin da ya karya da shi da ƙosai, buro ko kasuwa, sai azahar.