Ɗanyen Nama Ga Kare: Abin Da Ya Kamata Mutanen Potiskum Su Sani

Duk wanda ya san Potiskum ta Jihar Yobe ya san garin dabbobi ne, domin kasuwar shanunta tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Inda dabbobi suka yi yawa kuwa, yanka ba ya yankewa, haka nan karnukan 'yan farauta da na makiyaya da na gadi ba su rasa abin lasa. Idan mahauci ya ga huhu ko hanta da wani ƙullutu mai ruwa, ya kan yanke wurin ya jefa wa kare, a ganinsa ya kawar da ƙazanta. To, a nan gizo ke saƙa.

Likitocin dabbobi sun bayyana cewa irin wannan ƙullutu sau da yawa gidan 'ya'yan wata tsutsa ne. Da zarar kare ya ci shi ɗanye, sai tsutsotsin su girma a hanjinsa, ko da yake tsawon kowace bai kai santimita 1 ba. Bayan kamar mako 6 sai su soma zuba ƙwai cikin kashinsa, alhali kuwa shi karen lafiyarsa lau. Ƙwan nan su kan manne a ciyawa da ganye da gashin karen, su shiga ruwa. Tumaki da awaki da shanu da raƙuma su ci, cutar ta sake zagayowa.

Mutum ma bai tsira ba. Ba ta cin naman ya kan kamu ba, sai dai ta haɗiye ƙwan, misali yaron da ya shafa kare ya ci tuwo bai wanke hannu ba. Ƙullutun ya kan yi shekaru yana girma a hanta ko huhu kafin a farga, wani lokaci sai an yi tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 1 ke ɗauke da ciwon a duniya.

Abin mamaki, a ƙasashen Turawa ba kare ɗanyen nama ya zama yayi, musamman bayan da wani likitan dabbobi na Ostareliya, Ian Billinghurst, ya wallafa littafi a kansa a 1993. Amma a 2012 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta gargaɗi jama'a game da shi saboda ƙwayoyin cuta. Ita kuwa Niyu Zilan, ƙasar tumaki, ta kafa doka a 1959, ta hana ba karnuka ɗanyen kayan ciki, ta riƙa ba su magani, har a 2002 ta sanar da cewa ta shawo kan cutar.

Maganin abin ba mai tsada ba ne. Kayan cikin da aka ga alamar ciwo a jikinsu, a binne su da zurfi ko a ƙone. Wanda za a ba kare, a tafasa shi sosai tukuna. A killace mayanka don kada karnuka su shiga, a kuma nemi maganin tsutsa wurin malaman dabbobi a kai a kai. Sarkin Pawa da shugabannin 'yan farauta su ne suka fi cancanta su ja hankalin mutanensu, tun ba lokacin Babbar Salla ba, sa'ad da ake yanka a kowane gida. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyaye, amin.