Yadda A Ke Haɗa Hanyar Jirgin Ƙasa

Ya kai mai karatu, dogo bai zo Jega ba. Amma in ka taɓa zuwa Gusau, ka ga hanyar da ta taso daga Zariya, wadda ta kai Ƙaura Namoda a 1929. Watakila ka ce, wane maƙeri ne ya ƙera ƙarfe mai wannan tsawo? To, ba ƙarfe ɗaya ba ne. Guntu-guntu aka harhaɗa, mahaɗar nan kuwa ita ce ran hanya.

Ka san masu ɗori na Aliero. Ba su ɗaure karaya sai bakin ƙashi ya sami bakin ɗan'uwansa. Haka ma'aikatan reluwe su ke yi. Abu uku su ke dubawa.

Na fari, faɗi. A tsohuwar hanyar Nijeriya, tsakanin ƙarfen dama da na hagu ƙafa 3 ne da inci 6. Da sandar awo a ke gwada shi. In ya buɗe, ƙafar jirgi ta zurma ciki. In ya matse, ta hau bisa.

Na biyu, daidaito. Kada bakin wani ƙarfe ya ɗara na wani, ko sama ko gefe. In sun daidaita, sai a kawo ƙarafa biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, kamar karan ɗori, a zura ƙusoshi, galibi 4, a ɗaure da noti.

Na uku, rata. Ƙarfe ya kan miƙe da zafi. Mai tsawon mita 12, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, sai ya ƙaru da wajen milimita 4, watau kamar ƙwayar dawa. In ba a bar masa wurin miƙewa ba, ranar bazara ta tanƙware shi, jirgi ya goce da mutane da kaya. Wannan rata ita ce ke ƙara in ƙafa ta bi ta kanta. A sababbin hanyoyi walda a ke yi, a danne ƙarfen sosai, shi ya sa ƙarar ta ragu.

Ga wani abin mamaki. A Amurka, tun 1973, akwai ƙungiyar manyan mutane masu gina ɗan ƙaramin jirgi don sha'awa, faɗin hanyarsa milimita 9 kacal. Kowa ya kan gina yankinsa a gida, bisa tebur mai ƙafafu. Ran taro sai a kawo, a jera. Da fari a murɗa ƙafafun tebur har tsayi ya zo ɗaya. Sa'an nan a matse teburan biyu da abin matsi irin na kafinta. Bayan wannan a sa ɗan guntun dogo a kan mahaɗar, a shafa da yatsa ko za a ji tudu, a tura tarago ɗaya da hannu. In ya wuce lafiya, kana a sake jirgin. Mutumin da bai taɓa ganin wani ba, sai ga aikinsu ya haɗu tsaf, gama awo ɗaya suka bi.

In awo ya bambanta fa? Dubi hanyar da ta tashi daga Zariya zuwa Jos. Faɗinta ƙafa 2 ne da inci 6, saboda haka taragonta ba ya hawa babbar hanya. Tilas a sauke kaya a Zariya, a sake lodi. A 1957 aka rufe ta.

To, ka gani. Ko gini ka ke yi, ko sassaƙa, ko ɗinki, auna tukuna kana ka ɗaure. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, in noti ya riga ya kama, gyara ya yi wuya.