Giginya Da Murucinta

Hausawa sun daɗe suna yi wa giginya gorin inuwa, wai na nesa ka sha ta. A ganina gorin ya yi yawa, domin duk wanda ya zauna kusa da ita ya san ciki take ciyarwa.

Itaciya ce mai son fadama da bakin kogi, tana haura mita 20, kuma in ta manyanta sai gangar jikinta ta yi tumbi daga sama. Akwai namiji akwai mace, macen ce kaɗai ke haihuwa. 'Ya'yan kan nuna su yi ruwan ɗorawa su faɗo da kansu, ƙamshinsu na tashi tun daga nesa. Yara su buga ɗan a kan dutse su tsotse zaren, mata kuwa su jiƙa shi su tace ruwan su dama kunu.

Amma ainihin noman giginya a ƙwallon yake. Ɗa guda yakan zo da ƙwallo har 3. Da damina ta kama sai manomi ya tara su, ya jera a ƙasa mai laushi, ya rufe da turɓaya ya tafi abinsa. Ba taki, ba ban ruwa. Ƙwallon ya tura tsiro can ƙasa, abincin da ke cikinsa ya gangara ya taru a jikin tsiron. Bayan wata 6 zuwa 8 a haƙe, a dafa, ga muruci a faranti ana talla a tasha, mai gari-gari da ɗan ɗaci a ƙarshe. Masu cewa yana ƙara wa maza kuzari su suka ƙara masa kasuwa.

To, a nan gizo ke saƙar. Kowane murucin da aka ci giginya ce da ba za ta tashi ba, alhali ita sai ta shekara da shekaru kafin ta fara 'ya'ya. Manyan kuma gatari ke binsu saboda azara, wadda gara ba ta iya ci, shi ya sa magina suka dogara da ita wajen rufin soro. A dajin giginya na Dallol Mawri, yankin Gaya a Nijar, sai da aka sa mutanen ƙauyuka cikin tsaron dajin da tsara sara. Manoman can na shuka gero a ƙarƙashinta, tunda inuwar da ake mata gori ba ta danne shuka.